Darar Ja'afar

Akwai masu gyaran da sai sun kashe abu sannan su tambayi inda ke masa ciwo, kuma Hambali na sahun gaba a cikinsu. Wai injiniyan kwamfuta ne. Daga Kano yake zuwa Gwarzo da jakar faya-fayai a kafaɗa, maganinsa kuma ɗaya ne tal ga kowace cuta: a goge komai, a zuba sabo.

Uwaliya, mai buga takardu a shagon Alhaji Datti da ke bakin tasha, kwana biyu kacal ta yi ba ta nan, ta je suna Madadi. Ta dawo ta tarar da wata baƙar kwamfuta sabuwa fil a kan teburinta. Tsohuwar kuwa ko sama ko ƙasa.

"Alhaji, ina injina?"

"Hambali ya tafi da shi, musaya muka yi," in ji Alhaji Datti, ko ɗagowa bai yi ba. "Na kuma ce kada ya bar mini wasa ko ɗaya a sabon. Shari'a ta zo. Wani ya leƙo ya ga karta a gilashi, gobe a ce Datti ya buɗe gidan caca."

"Dara ce karta, Alhaji?"

Alhaji ya kau da kai, don ya san inda maganar ta dosa. Darar da ke cikin tsohon injin ba a kanti aka sayo ta ba. Yayan Uwaliya, Ja'afar, shi ya rubuta ta lokacin yana karatun kwamfuta, ya zuba mata duk dabarun da mahaifinsu Malam Haladu ya koya masa a ƙauyensu Gammo. Shekara biyu ke nan da mota ta kife da Ja'afar a hanyar Kano. Malam Haladu bai yi hawaye a gaban kowa ba. Amma tun daga sadakar arba'in, duk ranar kasuwa sai ya shigo motar Gwarzo, duk da kuɗin mota ya ninka tun da aka yi wa fetur ƙari, ya zauna gefen 'yarsa ya ce a buɗe masa yaron nan. Yana nuna gurbi da yatsa, tana danna masa. Wasa ɗaya yake yi ya tashi. Ga shi kasuwa saura kwana uku.

Allah ya sa tana da kwafin darar a ɗan faifan fulofi, naɗe cikin leda a ƙasan akwatinta. Washegari ta zura shi a sabon injin. Wani baƙin allo ya yi wulgawa ɗaya ya ɓace. Ta sake, ya sake. Sau goma sha ɗaya ta gwada, ranta na ƙara ɓaci, daga nan ta aika direban motar Kano ya gaya wa Hambali cewa injinsa ya mutu murus. Ƙarya ce, amma da gaskiya ta faɗa da sai bayan sallah za a gan shi.

Hambali ya iso ana gobe kasuwa, yana huci. Da ya ji abin da ake nema sai ya yi dariya, marar kunya.

"Malama, a kan wannan tarkacen kika taso ni? Sabuwar Windos ce fa. Ba ta san wasannin zamanin da ba."

"To dawo mini da tsohon."

"Ai tuni na farke shi, kayan ciki sun bi masu saye."

Uwaliya ta ji kamar ta kwaɗa masa mazubin takardu a ka. Maimakon haka ta ɗauki jakarsa ta faya-fayai, ta jefa a durowa, ta murza makulli, ta ƙulle shi a bakin ɗankwalinta can ƙarƙashin hijabi.

"Ka goge abin da ba kai ka rubuta ba, ba ka tambayi kowa ba. Wallahi jakar nan ba ta fita sai dara ta tashi."

Ya juya wajen Alhaji neman agaji, Alhaji ya tuna yana da alwala da zai yi.

Tun azahar Hambali ke gumi har bayan la'asar. Ashe ya iya aikin, ganda ce kawai ta yi masa katutu. Ya umarci sabon injin ya ɗauki kansa tsoho, ya rage launi, ya taɓa nan ya taɓa can, yana tsaki. Can sai ga gurabu talatin sun bayyana reras, kara a gefe, duwatsu a gefe.

"Ga tsiyarki nan," ya ce. "Dubi gudu kuma. Waccan akwalar taki ta isa ta yi haka?"

Ta miƙa masa jakarsa, ko sannu ba ta ce masa ba.

Ranar kasuwa da hantsi Malam Haladu ya iso. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi Inna da mutanen gida da shanu, ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi sabon injin, ya zauna, ya fito da goro.

Ya nuna gurbin farko, ta danna. Kafin yatsansa ya bar gilashin, dutse ya riga ya sauka a ɗaya gefen. Ya nuna na biyu, haka. Da aka gama jeri aka fara tafiya, yana matsar da karansa injin ya jera uku ya ɗauke masa ɗa, fat, tun bai mayar da hannu kan gwiwa ba.

Tsohon ya tsaya da goron a hannu, bai ko ɓare shi ba.

"Wa ke wasan nan?"

"Ita ce dai, Baba. Darar nan ce, ba a sauya komai ba."

"A'a. Yaron nan in na saka sai ya yi shiru tukuna. Nakan ci rabin goro kafin ya motsa. Ko ya ga ci a fili, ba ya yi mini tsalle a ka. Wannan bai san wanda ke zaune gabansa ba."

Uwaliya ta san mene ne wannan shirun. Tsufan injin ne, lissafi ne ke ba shi wuya. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga abin da za ta ƙwace masa, shekara biyu cur, ta haɗiye. Ta rasa wanda za ta tsine wa tsakanin Hambali da Alhaji da kanta da ta je suna.

"Baba, a ƙarasa mana. Zan sa a rage masa gudu."

"Ladabin da aka sa wani ya ɗora masa?" Ya mayar da goron aljihu, ya dafa tebur ya miƙe. "Bar shi. Kasuwa mai zuwa kada ki ajiye mini kujera."

Ta raka shi har bakin ƙofa. Yana laluben takalminsa da ƙafa, idonsa na kan titi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe dai ya rasu, Uwaliya."