Zoɓo a Firigon Allura

Tun kafin Surayya ta sa mabuɗi a ƙofar ɗakin magani ta ji kukan. Ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Firigon allura ne, kuma tun da aka kawo shi bai taɓa yin irin wannan kukan ba.

Ita ce malamar dabbobi a wannan yanki na El Allassane Maïreyrey, ita kaɗai, ba mataimaki ba mai gadi. Jiya da magariba ta dawo daga taron horo a Mayahi, gajiya ta hana ta leƙa ɗakin. Yau kuwa ranar allurar ciwon huhu ce. Daga inda take tsaye tana jin kukan shanu a bayan gari, wajen shingen ƙarfe, kuma ta san waɗanda ke kan gaba: garken Baffa Ishaƙu ne, ƙanen mahaifinta. Shekara da shekaru tana roƙonsa ya kawo shanunsa yana cewa shi allurar bature ba ta taɓa fatar saniyarsa. Bana da ya ji ciwon ya yi ɓarna a rijiyoyin arewa, ba ma kawowa kawai ya yi ba, da ƙafarsa ya bi ruga-ruga yana cewa a zo, ɗiyarsu ce mai allurar, shi ya tsaya mata. An yi ruwan farko, manoma sun yi shuka, yau ɗin nan in an gama allura garkunan za su kama burtali su yi arewa.

Ta buɗe firigon. Da sanyi a ciki, kwalayen allura na nan a jere. Sai dai jerin ba nata ba ne. Ita takan sa rubutun yana kallon ƙofa, yanzu wasu sun ba ta baya. A goshin firigon wata jar fitila na ta ƙiftawa, da wasu haruffa da ba ta san ma'anarsu ba.

Ta ciro salula.

Akwai wani abu a salular nan da 'yan boko ke kira IA, mataimaki ne da kake rubuta wa tambaya ya ba ka amsa. Surayya ta raɗa masa suna Sarkin Bayani, domin in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga tarihin agogo. Amma fa yana aiki. Shi ke gyara mata faransancin rahoto kafin shef, wato shugabanta, ya gani. Shi ke fassara mata takardun magungunan da ke shigowa daga Najeriya da Ingilishi, shi ya koya mata ƙiyasta nauyin sa da igiyar awo tunda ba ta da sikeli. Ran da babur ɗinta ya mutu a tsakiyar yashi, hoto ta tura masa, ya sa ta kwance buji, wato fulogin injin, ta goge, babur ya tashi. Har Inna, mahaifiyarta, mai cewa ba ta yarda da abin da ba shi da uwa ba shi da uba, ta taɓa aiko ta a tambayo mata maganin ƙwarin wake.

Ta ɗauki hoton fitilar da haruffan ta tura. Yau, kamar ya san halin da take ciki, bai ja zance ba.

"Wannan alama na nufin zafin cikin firigon ya taɓa wuce iyaka," ya rubuto. "Danna maɓalli na biyu daga dama ki riƙe. Zai nuna miki zafi mafi yawa da ya kai."

Ta danna. Digiri talatin da huɗu. Allurar da ba a so ta wuce takwas. Ta saki maɓallin ta sake dannawa, wai ko ido ne. Ba ido ba ne.

Ya sa ta duba wayoyin batir, lafiyarsu lau. Ya sa ta hau kujera ta leƙa panon hasken rana da ke kan rufi, mai ba firigon wuta, babu abin da ya same shi. Ya sa ta bi robar bakin ƙofa da yatsa, ba tsaga. Kowane abu da ta samu lafiya sai tsoronta ya ƙaru, domin ta fi son a ce waya ce ta tsinke ta san abin da za ta zaga.

"In na'urar lafiyarta lau, to mai yiwuwa an bar ta a buɗe, ko an cika ta da abu mai ɗumi," ya ce. "Duba can ƙasa, ko za ki ga alama."

Ta durƙusa ta jawo kwandon ƙasa. A kusurwa akwai wani jan tabo da ya bushe, yana danƙo. Ta dangwala da yatsa ta kai hanci, sannan ta kai harshe. Zoɓo ne, har da citta.

Mutum ɗaya ta bar wa mabuɗi.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana wanke ƙoren nono, hankalinta kwance.

"Inna, wa ya buɗe ɗakin magani?"

"Ni ce. Mi ya hwaru kinka shigo ba ko gaisuwa?"

"Ina kwana, Inna. Mi anka sa cikin firigo?"

"Zoɓon sunan ɗan yayarki mana. Baƙi sun cika gida, zahi kamar a mutu. Mu ba mutane zoɓo da ɗumi, ga sanyi can zaune ba shi aikin komi?"

"Kwalayen hwa?"

"A'a, ai ba mu yi musu wasa ba. Ni da kaina na hidda su ɗaya-ɗaya na aje bisa tebur. Rana ba ta taɓa su ba. Har zane na lulluɓa musu don ƙura."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun jajibirin suna. Washegari da la'asar munka maida su yadda suke."

Ɗakin kwano, a tsakiyar bazara, ƙarƙashin zane. Surayya ta so ta yi ihu, amma wa za ta yi wa? Matar da ta lulluɓe kwalaye da zanenta na fita don kada su yi ƙura? Inna ta dubi fuskarta, murmushin ya gudu, ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Na yi ɓarna ko?"

Surayya ta juya ta koma ɗakin magani.

Ta zauna a ƙasa ta jingina da firigon ta rubuta wa Sarkin Bayani komai, har sunan allurar. Amsar ta zo nan take. Ya ce irin wannan allurar mai rai ce, zafi na kashe ta, kuma ba a ganewa da ido: kwalbar da ta mutu da mai rai kamarsu ɗaya. Ya ce shi ba zai iya tabbatar mata daga hoto ba, amma da wannan zafin da wannan daɗewar bai kamata a dogara da ita ba. Ta ware kwalayen, ta kira shugabanta.

Nan fa Surayya ta shiga abin da mutum ke yi in malami ya faɗa masa abin da ba ya so, wato neman wani malamin. Sai dai ita malaminta ɗaya ne, don haka tambayar ta riƙa sauya wa riga. In a inuwa aka ajiye fa? In kwalaben ba a buɗe su ba fa? Ta yi da Hausa, ta sake da faransanci, wai ko a can ya fi sauƙin kai. Ta ce to in an ninka awon fa? Ya ce ninka abin da ya mutu ba ya rayar da shi. Ta ji haushinsa ƙwarai, abin da kullum ke da hanya uku ga kowace matsala yau ya tsaya a kan ɗaya.

Daga ƙarshe ta rubuta tambayar da take ta kewayewa.

"In na yi musu ita haka nan, za ta cutar da su?"

"Mai yiwuwa ba za ta yi musu komai ba a jiki," ya ce. "Cutarwar ita ce masu shanun za su ɗauka dabbobinsu sun tsira. Za su haɗa su da kowane garke a bakin rijiya ba tare da tsoro ba. In ciwon ya shiga, za su ce allura ba ta aiki."

Ta kira Muniru, shugabanta a Mayahi. Sai da ta fita ta tsaya kan tudu kafin rezo, wato layin waya, ya kama. Ya saurara, ya ce kada ta taɓa ko kwalba ɗaya. Wata allurar kuwa sai an aiko daga Maradi, kuma ba wannan makon ba. Ta ce shanun yau za su tashi. Ya ce ya sani.

Ta roƙi Sarkin Bayani ya tsara mata abin da za ta faɗa wa mutane. Ya tsara, tsaf, da ban haƙuri da bayani. Ta karanta, duk gaskiya ne, amma babu jimla ɗaya a ciki da za ta iya duban Baffa Ishaƙu ta furta. Ta jefa salular a jaka ta kama hanyar shinge hannu wofi.

Shanu sun cika fili, ƙahoni ko'ina, makiyaya sun rataya sanduna a kafaɗa suna jira. Baffa na tsaye a bakin shingen, ya sha rawani, yana nuna wa mutane inda za su jera kamar shi ne shef. Da ya hango ta ya washe baki. Wannan fara'ar ta fi komai yi mata ciwo.

Ta ja shi gefe ta durƙusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba.

"Tana kashe saniya?" ya ce.

"A'a, Baffa."

"To tashi ki yi."

"Baffa, da ita da ruwa duk ɗaya."

"Na ji. Ki yi musu ruwan. Ni na tara mutanen ga. Akwai wanda ya kwana bisa hanya don maganata. In kinka ce babu, da wane ido za ni dube su? Wa ya sani in ba ni da ke ba?"

Gaskiyarsa ne, ba wanda ya sani. Kwalaben na nan fes, sirinji na nan, kafin azahar an gama, kowa ya sa mata albarka ya tafi. Zuciyarta ta karkata, ta ji ta karkata, kuma ta tsorata da kanta.

"Salular taki ce ta hana ki?" ya ce.

"Ba ta da hannun hana ni, Baffa. Ƙarya dai ta ƙi yi mini. Na roƙe ta, ta ƙi."

"Ni kuma ina roƙonki."

Bai taɓa roƙonta komai ba tun da aka haife ta. Ta miƙe, ta wuce shi, ta taka ƙarfen shingen ta hau inda kowa zai gan ta. Ta ce allurar ta sha zafi ta lalace a ɗakinta, ba za ta yi wa ko maraƙi ɗaya ba. Ta ce shanunsu ba su da kariya, su yi nesa da baƙon garke a bakin rijiya, in sun ji saniya na tari su ware ta. Ta faɗa da Fulatanci, ta maimaita da Hausa.

Wani dattijo ya tofar da yawu ya ce, "Ishaƙu, wannan ce ɗiyar da ka tsaya wa?" Wani ya yi dariya marar daɗi. Ba wanda ya zage ta, da ma sun zage ta da ya fi mata sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka juya garkunansu suka nufi burtali.

Garken Baffa ne ya tashi a ƙarshe. Ta ga ya kutsa tsakiyar shanun da igiya a hannu, ya fito yana jan wata jar saniya. Tata ce, jikar karsanar da ya ba ta ranar sunanta, kuma duk tsawon rayuwarta a garkensa zuriyar take kiwo. Ya zo ya sa mata igiyar a hannu, idonsa na kan ƙasa.

"Riƙe abinki. Ba ni kai ta rijiyoyin arewa haka nan."

Ta so ta tambaye shi ko tausayin saniyar ne ko kuwa ya cire ta ne daga cikin nasa. Ya ɗora sanda a kafaɗa ya bi bayan shanunsa, bai waiwayo ba.

Saniyar ta ga 'yan'uwanta na tafiya, ta ɗaga kai ta yi kuka, ta fizga. Surayya ta naɗe igiyar a hannu ta kafe ƙafa a yashi. Saniyar ta sake fizga, igiyar ta ci mata tafin hannu, ba ta saki ba.