Gurbin Wanda Ya Biya

Kamfaninmu a Iskandariyya ɗaki ɗaya ne a saman shagon taya, kuma abin da muke sayarwa manhaja ce ta waya da ke nuna wa mutum inda albashinsa ya tafi. Ba ta dawo da shi. Aikina shi ne fom ɗin da ake cikewa bayan an kashe kuɗi: nawa, a kan me, yaushe. Don wannan na yi jami'a.

Mai kamfanin, Madam Nermin, ta yi imani mutane sun daina amfani da manhajar ne saboda fom ɗin ya yi tsawo. Ni ina ganin ba sa son ganin gaskiya ne kawai, amma ba a biyana don ra'ayi. Ta sa na rage gurabe. Na cire na lambar rasit, na cire na hoton kaya. Ranar Lahadi ta ɗora farce a kan gurbin ƙarshe, ta kira ni da laƙabin da ake kiran injiniya da shi a nan.

"Wannan fa, Bashmuhandis Ra'afat? 'Wanda ya biya.' Lissafin mutum ne na kansa. Wa zai biya masa, aljani?"

"Akwai masu amfani da shi."

"Na duba. Mutum ɗaya ne, kai. Kai ɗin ma tun hunturu ba ka taɓa shi ba."

Gaskiya ta faɗa. Saboda Milad na saka gurbin. Milad Kirista ne, malamin lissafi mai ritaya, kuma mun yi shekara da shekaru muna buga tawla, wata irin dara ta cikin akwati, kullum da la'asar a gidan shayin da ke bakin layin tarago. Wasan ba shi ne abin ba, rigimar biyan kuɗi ce. A wajenmu wanda ya rantse da sakin matarsa shi ke biya, an gama magana. To ni na riga na saki tawa, ko in ce ita ta shirya komai na sa hannu. Milad kuwa cocinsu ba ya raba aure.

"Na rantse da saki ba za ka biya ba!" in ce.

"Sakin wa? Firij ɗinka?" Milad ya ce.

"Kai rantse mana mu gani."

"Na rantse da saki!"

"Sai ka kai wa fadan cocinku takardar, ya yi dariya."

Haka za mu yi ta ture hannun juna har Ammu Shahata, mai kawo shayin, ya gaji ya fizge kuɗin wanda ya fi kusa. Da hunturu 'yar Milad ta ɗauke shi zuwa Kanada. Yana turo min hoton ƙanƙara, ina tura masa babban yatsa.

Na ce wa Madam Nermin gurbin al'adar ƙasa ne, kada a taɓa. Ta dube ni irin duban da ake wa tsohuwar kujera.

"Zuwa Alhamis. In wani ya cike shi, ko kai ne, ya zauna. Amma ban da ƙarya, na san ka."

Ban ɗauka abu ne mai wuya ba a samu mai saya wa mutum shayi a birnin da ya tsufa a cikinsa. Na kira ƙanena, yana Alƙahira. Na kira wani abokin jami'a, matarsa ta ce ya kwanta asibiti tun bara. A gidan shayin na gwada biya wa wani mai karatun jarida a teburin gefe, ko zai yi zuciya ya rama. Ya ɗago, ya ce Allah ya ƙara arziki, ya nemi a ƙaro masa lemo.

Ranar Laraba na sha shayina ni kaɗai, akwatin tawla a rufe a gabana. Na miƙa wa Ammu Shahata fam goma. Ya dafa ƙirji yadda yake yi wa kowa tun kafin a haifi wayar hannu.

"Bar shi, Bashmuhandis. A kaina."

Kowane yaro ya san amsar: a'a wallahi, sai ka tura kuɗin. Ni kuwa na mayar da su aljihu, na ciro waya, na rubuta sunansa a gurbin harafi bayan harafi. Na ce na gode.

Bai tafi ba. Ya tsaya da tire a hannu yana duban aljihuna.

"Bashmuhandis... lafiya dai ko?"

"Ka ce a kanka."

"Na ce. Kullum ina cewa." Ya sassauta murya, kamar mai lallashin majinyaci. "Magana ce fa kawai. Mai gidan zai cire a ladana."

Na ba shi fam goman. Ya karɓa a karon farko, ko ture hannuna bai yi ba. Na goge sunansa.

Ranar Alhamis da safe na cire gurbin da kaina. Fom ɗin ya yi kyau, yanzu duka yana shiga allo ɗaya. Madam Nermin ta gwada, ta ce ko makaho zai cike shi. Da la'asar na rubuta shayina tun kafin ya huce.