Cikon Arba'in

Mamuda yana ɗaure batiran rediyonsa da tsumma sai matarsa Saude ta leƙo ta ce, "Malam, Magaji na sallama."

"Wane Magaji?"

"Magaji nawa gare mu? Magaji Bawa, shi da kainai, ba ɗan aike ba."

Mamuda bai tashi ba. Tun da aka haife shi bai taɓa jin Magajin Tungar Dikko ya taka ƙofar talaka ba, sai dai talaka ya je ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure. Ya ƙarasa ɗaurinsa a tsanake, ya bar mai rawani ya ɗanɗani rana.

Ya san abin da ya kawo shi. Tungar Dikko dai tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori, har kukar masallaci ba a gani. An kwaso mutanenta an zube a kan tsakuwa kusa da Maradun, tare da mutanen ƙauyuka huɗu, a gidaje jere masu lamba. To, rawuna sun yi wa wurin yawa, sai aka ce duk mai garin da ya kawo magidanta arba'in a bayansa zai ci gaba da sarautarsa, wanda bai kawo ba a haɗe mutanensa da na wani. Mutanen Tunga kuwa sun watse, wasu Bakura, wasu Janbako. Magaji ya ƙirga ya sake ƙirgawa, talatin da tara, ban da Mamuda.

Da Mamuda ya fito suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar awaki. Magaji ya rame, rawanin ya yi masa yawa.

"Mamuda, yau da hantsi za a yi ƙirga bakin makaranta," in ji shi. "Ruwan ga ya ci mu duka. Abin da yaw wuce, a bar ma Allah."

"Ina nan tahe, ranka shi daɗe."

Abin da ya wuce ɗin bai wuce wa Mamuda ba. Ranar tashi, mota ɗaya aka ba garin, Magaji ne mai cewa wa zai hau. Sawu uku ta yi da kayan gidansa, har da turakun doki da azarar zaure. Mamuda ya durƙusa ya roƙi wurin mutum ɗaya, don mahaifiyarsa Adda ƙafa ta daina ɗaukarta. Magaji ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Mota ta cika." A baya ya goyo ta, wuni guda cikin rana da laka, tana ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifin. Kwana uku da sauka ta rasu. Ya tsani mutumin nan, tsanar da yake kwana da ita yake tashi da ita.

Saude ta tare shi yana sa riga. "Malam, na san wannan tahiya taka. Ka tuna maƙwabta."

"Ni niy yi kiranai? Allah yak kawo shi ƙohwata."

Ya kunna rediyo yana jiran hantsi. Shekarar nan ba abin da ake faɗi sai soja sun sauka, an koma mulkin farar hula, an shiga jamhuriya ta biyu. Mamuda ya ga wutsiyar mulkin mallaka, ya ga na 'yan siyasa, ya ga na soja, kowanne ya zo ya wuce, sarauta ce kawai ta ƙi sauka daga wuyansa. Wata ranar kasuwa a Talata Mafara ya tambayi wani malamin makaranta mene ne jamhuriya, aka ce masa ƙasar da ba a gadon mulkinta. Tun daga ranar yake tsotsar kalmar kamar alewa.

Bakin makaranta ya cika. Ma'aikacin da aka turo, matashi mai biro uku a aljihu, yana zaune da babban littafi da rula. Magaji na kan tabarma, mutanensa tsaye a bayansa ba takalma. Da suka hango Mamuda fuskoki suka saki, wani ma ya matsa ya ba shi wuri.

Mamuda bai tuɓe takalmi ba. Ya bi ta gefen tabarmar, ƙas ƙas a kan tsakuwa, ya je ya tsaya can ɗaya ɓangaren shi kaɗai.

"Baba, kai fa?" in ji ma'aikacin.

"Ni ɗan jamhuriya na."

"Duk 'yan jamhuriya ne mu. Tambayata, kana bin Magaji ko ba ka bi?"

Magaji ya ɗago kai. Ya ce, "Mamuda, wurin mutum guda na."

Shekara biyu Mamuda yana jiran wannan. Ya ɗan rusuna, da ladabi, yadda kowa zai ji.

"Mota ta cika, ranka shi daɗe."

Ma'aikacin bai gane ba, bai kuma damu ya gane ba, ya ce talatin da tara, bai kai ba. Magaji ya sunkuyar da kai, tsofaffin bayansa suka shiga salati. Daɗi ya ratsa Mamuda tun daga ƙeya har tafin ƙafa, bai kuwa ɓoye ba. Ya ga an ɗora rula a kan shafin, an ja layi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

"To, ku zo ɗaya ɗaya a sa ku a sabon shafi," in ji ma'aikacin. "Baba, tunda kana kusa, fara. Suna?"

"Mamuda Tungar Dikko."

Haka ake kiransa a kowace kasuwa, haka Adda take gaya wa baƙi in sun tambayi asalinsu, tana buga ƙirji.

"Babu wannan garin yanzu, shi na soke." Ya juya littafin ya nuna masa layin. "Garin da ba mai gari ba ya shiga littafi. Kun koma Unguwa ta Uku. Gidanka lamba nawa?"

Mamuda ya dubi layin. Ba ya karatun boko, amma ya ga baƙaƙen a ƙarƙashin tawadar kamar yadda ake hango kan bango ranar da ruwa ya fara hawa. Ya waiwaya, ba wanda ya yarda suka haɗa ido.

"Baba, mutane na jira."

"Sittin da biyu," in ji Mamuda.