Ruwa a Kabarin Kaka

"Ba za a ƙone ubana ba ina numfashi," in ji Gwaggo Bunrye.

"Ubanki ke kaɗai, Yaya?" Baba ya ce.

A tsakar tsohon gidanmu na ƙauye suke, da hantsi. Masu tonon kabari biyu na zaune a bayan mota suna shan taba, sun yi kamar ba sa ji.

Gwaggo ta ce ai tun yana yaro raggo ne, yanzu kuma hawan dutse sau ɗaya a shekara don yanke ciyawar kabari ya gagare shi, shi ya sa yake so ya zuba tokar tsoho a tulu ya ajiye a kanta a birni kamar manja. Baba ya ce ita da gwiwarta ba ta kai ta ko bakin rafi, da baki take hawan dutsen. Ta kira shi mai ƙaton kai. Ya ce a gidansu ya gada.

Mafarkina ne ya jawo wannan. Tun damina nake ganin Kaka Mandeok, mahaifinsu, tsaye a ƙofar ɗakina, jiƙe sharkaf har ƙirji, wandonsa na ɗiga. Na gaya wa Baba. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: ruwa ya shiga kabari. Bana kuma shekara ce mai watan ƙari, watan da ake taɓa kabari ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Baba ya ce idan aka bari sai bayan wasu shekaru.

Gwaggo ta ce Kaka da kansa ya zaɓi wurin, a saman gonarsa ta shinkafa, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana bi da ruwa ba zai kwanta a hanyarsa ba. A ƙarshe suka yanke: a buɗe. In a bushe yake a mayar da ƙasa, Baba ya yi shiru har abada. In da ruwa, a tafi da shi gidan ƙona gawa.

Muka hau. Ni na goya Gwaggo a wurin da ya fi tsayi. Ba ta da nauyi.

A hannun Kaka na girma. Iyayena suna masana'anta a birni, aka kawo ni ina rarrafe. Ba mai surutu ba ne. Yakan ɗora ni a kan itacen da yake goyon kaya da shi, bisa damin ciyawa, mu gangaro ina riƙe da kunnuwansa. Da lokacin girbi yakan fere kanya ya rataye ta jere a ƙarƙashin rufi, ya hana kowa taɓawa, sannan in tsinci ɗaya a aljihun rigata ta makaranta. Ranar da na ce ba zan yi noma ba, cewa ya yi, "Madalla, Dongha. Kada ka yi." Ya ci gaba da wasa laujensa.

Gonar ba ta nan. Hawa-hawan da aka yanka mata a jikin dutsen suna nan, amma ciyawa ta fi ni tsawo, alade na daji ya rusa gefuna. Tun da aka binne shi ba wanda ya dasa ko ƙwara.

Baba ya zuba giyar shinkafa a gaban kabarin, muka durƙusa. Ya ce, "Baba, kada ka firgita, gidanka za mu buɗe." Masu tono suka fara.

Ban iya kallo ba, sai na zaga ta bayan tudun kabarin. Nan na ga magudanar ruwan. 'Yar ƙarama ce, faɗin shebur, tana tare ruwan dutse ta kai shi gona. Kowace bazara kafin dashe Kaka yakan share ta, shi kaɗai, ba ya ce wa kowa zo. Yanzu ta cike da ruɓaɓɓen ganye da laka. Ruwan ya haura bakinta, ya nutse cikin ƙasa daidai kan kabarin.

Sai na ji ƙarar shebur ta canza.

Akwatin gawar ya ruɓe. Ruwa baƙi, tsit, ga sanyinsa yana bugo fuska. Ƙasusuwan sun yi duhu. Na tuna ran da na faɗa gona da sassafe ina ƙarami, ya cire ni, ya tura ƙafafuna cikin rigarsa a kan cikinsa har suka yi ɗumi, yana ta zagin ruwan.

Gwaggo ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Baba ya cire takalmi ya shiga ramin da kansa, ruwa har gwiwa. Yana miƙo ƙashi ɗaya bayan ɗaya, ina gogewa ina shimfiɗawa a kan farar takarda. Shi ya ci gardamar, amma bai dubi yayarsa ba.

Da aka gama na nuna musu magudanar. Suka daɗe suna kallo. Gwaggo ta ce ashe wurin ba shi da laifi.

Baba yana rungume da akwatin kwalin da muka sa ƙasusuwan a ciki a ƙirji. Direba ya yi hon daga ƙasa, lokacin da aka ba mu a gidan ƙonawa ya kusa. Baba bai motsa ba.

"Yaya," ya ce, "in aka share ta, ramin zai bushe. Sai mu mayar da shi."

Na ɗauka za ta yi murna. Ta dubi gwiwarta. Ta dubi gidajen ƙauyen a ƙasa, rufin wasu ya rufta, hayaƙi na tashi daga biyu kacal. Ba ta dube ni ba, Baba ma haka, ni da na gama sakandare nake zaune ba aiki. Na gwammace su dube ni.

"To, Baban Dongha," ta ce a hankali, "baɗi wa zai share ta?"