Waƙar Niƙan Inna Salama

Farfesa Rahab Sulemanu ta ƙarar da ƙuruciyarta kan waƙoƙin Turawa na zamanin da suke kira Farfaɗowa, waƙoƙin mutanen da suka mutu tun kakan kakanta bai zo duniya ba. Ta koyar da su a jami'a har furfura ta cika mata kai. Ko daga barci ka tashe ta, za ta zubo maka ɗango goma sha huɗu na wani Bature mai kukan soyayya, ba tuntuɓe. Amma fa waƙar niƙan mahaifiyarta, marigayiya Inna Salama, ko baiti ɗaya ta kasa kamowa. Karin kawai ke yi mata yawo a ka, abin kuwa yana cin ranta.

Da ta yi ritaya sai ta kama hanyar garinsu, Kafur. Mutum ɗaya ce ta rage da ta san waƙar, Sabuwa, ƙawarta ta yarinta, wadda ta riƙa taya Inna aiki bayan Rahab ta tafi makaranta.

"Ke Rahab, boko ya gama da ke," in ji Sabuwa tana tafa hannu. "Ki ɗora ni kan kujera kamar amarya, ki ce in yi waƙar niƙa? Ai ba ta fitowa sai dutse na kuka."

To ina dutse, kowa inji yake kai hatsi? Da ƙyar suka gano na Inna a bayan rumbu, kaji na shan ruwa a cikinsa. Suka wanke shi, suka zuba dawa. Sabuwa ta zo durƙusawa, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba.

"Sai dai ke," ta ce.

Farfesa ta ci ɗamara ta durƙusa. Wayyo, hannun da ya saba da alli! Dawa na tserewa, ɗan dutsen na zamewa, Sabuwa na faɗin, "Tura da kafaɗa mana, ba kan mage kike shafawa ba!" Can dai hannu ya tuna. Gurr, gurr, gaba da baya. Sabuwa ta lumshe ido, muryar ta tsufa amma ta hau karin daidai. Ga baitin damina, ga zambon surukin da ba ya noma. Rahab na niƙa tana dariya, daɗi ya cika ta, har tana jin ƙamshin hayaƙin madafin Inna.

Sai Sabuwa ta shiga wani baiti da Rahab ba ta taɓa ji ba:

"Rahab ta tafi karatu,
Na niƙa da rabonta,
Tuwo ya kwana bai ga mai shi ba,
Gobe ma da rabonta."

Hannun Rahab ya tsaya cak. "Yaushe Inna ta yi wannan?"

"Tun shekarar da kika hau jirgi. Ba ta daina ba har ta kwanta ciwo." Sabuwa ta share ido da bakin mayafi. "Niƙa mana. Baitocin da ta yi miki da saura."

Rahab ta sunkuya ta ci gaba da turawa, hawaye na ɗiga cikin garin.