Maganar da Ba a Buga Ba

A makarantar da yake koyar da labarin ƙasa ba mai kiransa da sunansa na yanka. Jadawali ake ce masa, tun daga shugaban makaranta har mai gadi. Sunan ya samo asali ne daga wata baiwa marar kasuwa da Allah ya yi masa: ka ambaci kowace tasha a kan tsohon layin dogo, zai gaya maka ƙarfe nawa jirgin fasinja ke isa can shekara hamsin da suka wuce, da minti nawa yake tsayawa shan ruwa. Jiragen sun daɗe da daina tafiya, ciyawa ta cinye layin, amma a cikin kan Jadawali ko ɗaya bai taɓa makara ba.

Shekara tara ke nan yana juye wannan ilimi a kundin sani na intanet, irin wanda kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara, ba albashi ba na gode. Kusan duk shafin da ya shafi tasha ko gada ko tarago, da hannunsa a ciki. Kundin yana da doka guda wadda Jadawali ya riƙe kamar shi ya kafa ta: ba a rubuta abin da mutum ya ji ko ya gani da idonsa, sai abin da aka buga a littafi ko jarida ko rahoto. Wannan shi suke kira madogara. In wani bawan Allah ya shigo da zumuɗi ya rubuta cewa kakansa ne ya fara tuƙa jirgi a kan gada kaza, kafin ya gama murna Jadawali ya share, ya bar masa saƙo mai ladabi da sanyi: an gode, amma a kawo madogara. Mutum nawa ya kora da wannan ladabin, shi kansa bai sani ba.

To, wanzami ba ya son jarfa. A cikin shafukan nan akwai ɗaya da ba ya son buɗewa, na wata ƙaramar tasha wadda a gidajen ma'aikata na bayanta aka haife shi. Yana ɗan shekara huɗu jirgin kaya ya kauce hanya a tashar, tarago uku suka kife, mai zuba gawayi ya rasu. Mahaifin Jadawali ne mai canjin layi, wato mai jan ƙarfen da ke karkata jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Kwamitin bincike ya zauna, ya buga rahoto, ya ce sakacinsa ne. Aka kore shi daga aiki, aka karɓe gidan, bai kuma sake zama mutum sosai ba har ya bar duniya.

A gidansu labarin daban ne, Jadawali kuma ya sani. Ya yi hutu biyu yana bin ɗakunan ajiyar takardu ko zai sami abin da zai wanke Baba, ya tarar gara da yoyon ruwa sun riga shi karatu. Rahoton kaɗai ya tsira. Barin shafin ba labarin haɗarin ƙarya ne a wurinsa, rubuta abin da ba a buga ba kuma haramun ne. Don haka ya zauna wata rana da hannunsa ya rubuta: a cewar kwamitin bincike, haɗarin ya auku ne saboda sakacin mai canjin layi da ke bakin aiki. Bai sa suna ba, ya lallashi kansa da wannan, duk da ya san mai canjin layi ɗaya ne tak a tashar.

Jimlar ta shekara shida ba wanda ya taɓa ta. Sai ga shi makonni uku da suka wuce wani ya fara share ta. Mai sharewar ba shi da suna a kundin, jerin lambobi kawai ake gani, lambar layin intanet da yake shigowa ta ciki. Ba ya taɓa komai sai wannan jimla, ba ya kuma cewa uffan. Jadawali ya mayar, aka share, ya mayar, aka share, har sau bakwai. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, duk lokacin da ya ga an share sai ya ji wani sanyi a ƙirjinsa kafin ya tuna aikinsa. Haushin wannan sanyin ne ya sa shi tsananta. Ranar Juma'a, lokacin hutun tara, ya shiga ɗakin kwamfuta na makaranta ya kai ƙara wurin ɗaya daga cikin masu kula da kundin, wani da ake kira Tsintsiya, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya roƙi a toshe lambar, a kuma kulle shafin yadda yake.

Tsintsiya ba ya kwana da shara. Ya toshe lambar na mako guda, ya kulle shafin na wata uku.

Ranar Asabar da hantsi Jadawali ya zauna a falonsa, ya buɗe kwamfuta zai gyara shekarar da aka gina wata gada. Sai wani jan akwati ya tare shi: an toshe ka daga gyara. Ya yi tsaki, ya ɗauka kuskure ne. Ya gyara zaman tabarau ya karanta ƙasa, inda aka rubuta lambar layin da yake kai a yanzu. Ya buɗe ƙarar da ya kai jiya ya jera lambobin biyu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Ba bambanci ko na ɗigo. Ya ɗaga kai ya dubi ɗan akwatin intanet na gidan da ke kan firiji, yana ta ƙyafta koren idonsa. Kaikayi ya koma kan masheƙiya, gidansa ya sa aka toshe.

Neman mai laifi bai ɗau lokaci ba. Matarsa ba ta shiga harkar jirage ko a mafarki. Inna, mahaifiyarsa, idonta ya yi rauni, waya ma sai an kara mata a kunne. Saura Yaya, wadda ta girme shi da shekara tara, ta dawo gidan tun rasuwar mijinta tana kula da Inna tana ɗinki. Ya same ta a baranda a kan keken ɗinkinta, da allura a baki. Bai gama tambaya ba ta cire allurar ta ce ita ce, kuma in an buɗe gobe za ta sake.

Ta ba shi labarin ba tare da ta daina taka keken ba. Inna ce ke ta yi wa masu zuwa gaishe ta alfahari cewa autanta na rubuta tarihin jirage duniya na karantawa, sai ran nan ta ce a karanto mata na tasharsu. Yaya ta buɗe a waya, ta zo kan jimlar, ta haɗiye ta ta wuce. Daga baya ta ga ɗan hoton alƙalami a gefe, ta taɓa, ta ga ashe ana iya gogewa. Ta yi zaton wani maƙiyi ne ke mayarwa, sai a karo na huɗu ta lura da sunan mai mayarwar.

Jadawali ya shiga yi mata bayanin doka, da madogara, da cewa bai ce Baba ya yi ba, kwamiti ya ce. Sai ta tsayar da keken.

"Auta, kai kana goye a bayana ranar da aka watso mana kaya waje. Ni na tsince tukwane daga cikin kwata. Kai ka karanta, ni na gani."

Ya koma falo. Can ya tarar da saƙon Tsintsiya, gajere kamar kullum. Wai ya lura mai ƙara da wanda ake ƙara layinsu ɗaya ne, yana son bayani. Jadawali ya daɗe yana kallon wurin amsa. In ya yi shiru, za a ɗauka shi ke sharewa da hannun hagu yana mayarwa da na dama, aikin shekara tara ya tashi a banza. In ya faɗi gaskiya, cewa yayarsa ce kuma mai canjin layin ubansa ne, akwai wata dokar da shi kansa ya sha karanta wa mutane: wanda magana ta shafi danginsa ba ya taɓa shafin. Za a raba shi da shafin har abada, jimlar ta zauna daram ba mai tausaya mata. Gaba kura, baya sayaki. Ya rubuta layi ya goge ya fi sau biyar, ɗakin ya yi masa ƙunci, ga fanka na juyawa amma gumi yake.

Yana cikin haka Yaya ta leƙo ta ce Inna na kira, wai ya taho da abin rubutun nasa. Ya manta tagar ɗakin Inna a kan baranda take, kuma idonta ne ya raunana, ba kunnenta ba.

Ɗakin ƙarami ne, gado da kujera ɗaya da akwatin ƙarfe, ga warin man zafi. Inna na jingine da matasai biyu. Ta nuna masa kujerar ta ce ya karanta mata tasharsu daga farko. Ya karanta shekarar ginawa, da tsawon dandamali, da tankin ruwa, tana gyaɗa kai, har ta gyara masa cewa tankin a gabas yake ba a yamma ba. Da ya iso wurin sai muryarsa ta yi tsalle ta faɗa kan sakin layi na gaba.

"Ka tsallake," in ji ta. "Yayarka ma a nan ta yi tari. Karanta yadda ka rubuta."

Ya karanta. Bai taɓa jin jimlar da ƙarfi ba sai ranar, kunya ta rufe shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. A hankali ta ba shi labarin da ya sani, amma da ƙananan abubuwan da bai taɓa tambaya ba. Sandar ƙarfen da ke haɗa abin ja da layin ta tsage tun kafin damina. Sau uku Baba ya gaya wa shugaban tasha, na ukun a gabanta, ta kai wa Baba abinci tana tsaye a bakin ƙofa, shugaban ya ce a ɗaure da waya kafin kayan gyara su iso. Ita ta ba da wayar shanyarta aka ɗaure. Bayan haɗarin aka kawo wa Baba takarda aka ce ya sa hannu, wai ƙa'ida ce kawai, kwana biyu zai koma aiki. Ba wanda ya kira ta gaban kwamiti. Da ta gama ta ce to ga shi ya ji daga bakin wadda ta gani, ya gyara.

Ya ce mata shafin a kulle yake. Ta tambayi wa ya kulle, ya ce shi ya sa. Ya ƙara da cewa ko a buɗe yake ba zai iya ba, don ba a karɓar maganar baki, komai gaskiyarta, sai wadda aka buga.

Ta shiga juya maganar a ranta. Shi a zatonsa fushi ne, ashe lissafin mafita take.

"Wato su an buga su, ni ba a buga ni ba."

"Haka ne, Inna."

"To ai da sauƙi. Ina ake buga mutum? Ka kai ni, tun ina da sauran numfashi. In faɗa musu su buga, kai kuma ka kwafa."

Ya buɗe baki zai ce mata ba haka abin yake ba. Ya san ko ya sami mai buga takardu ya buga maganarta, za a ce shaidar matar wanda ake zargi ce, ɗansa ya ɗauki nauyi, ba madogara ba ce. Da wani ne ya kawo irinta, shi zai fara sharewa, da ladabi. Amma ya dubi fuskarta, ya ga wani haske da rabonsa da gani tun yana yaro, sai ya ji bakinsa ya ce, "To, Inna."

Ba ta jira ya sake shawara ba. Ta ce Yaya ta buɗe akwatin ta ɗauko mata mayafinta mai kyau da takalman fita. Yaya ta dube shi, ya sunkuyar da kai. Shekara biyu Inna ba ta taka ƙofar gida ba sai zuwa asibiti, amma da kanta ta sauko da ƙafafunta daga gado, ɗaya bayan ɗaya, tana nishi. Takalman sun yi mata kaɗan saboda kumburi, ta ce a tura haka nan. Ta yafa mayafin, ta gyara shi sau biyu, ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa tana maimaita maganar a hankali don kada ta manta komai a gaban mutane: sau uku, wayar shanya, takarda.

Jadawali na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, yana bin titunan garin kaf a cikin kansa, bai ga ƙofa ɗaya da zai tsaya a gabanta ba.

"Na shirya, Auta," in ji Inna. "Da nisa ne?"