Jita Mai Mura

"Ka gani ko? Ta ƙi ni," in ji maƙwabcina, ya sake danna yatsunsa a wuyan jitar.

Ya danna iya ƙarfinsa har jijiyar hannunsa ta miƙe, ya kaɗa da hannun dama, sautin ya fito a dakushe kamar an bugi kwali. Ya sake, haka dai. A karo na uku yatsansa na tsakiya ya zame, ya sauke hannun a kan bargo yana haki.

"Tsirkiyar ce ta yi tauri," na ce masa. "Sanyin ɗakin nan ne."

"Malam, shekara talatin kana hana 'ya'yan mutane ƙarya, yau ni za ka yi wa? Ɗauke ta."

Na ɗauke ta na jingina a jikin kabad, kusa da kwalaben magani. Ita ce mafi kyau a duk jitocin da suka taɓa shiga gidan, baƙa mai sheƙi, har mutum yana ganin fuskarsa a cikinta. Shekara biyu ya yi yana bin wani ma'aikacin asibiti kafin ya raba shi da ita, ga shi yanzu ta fi ƙarfin hannunsa.

Ɗan Musaya muke ce masa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shekara ashirin da biyu. Shi tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ni tsohon malamin makaranta, na ukunmu Kafinta mai shago a bakin titi. Duk Asabar da yamma mukan haɗu a barandarsa da jitocinmu. Gaskiya babu gwani a cikinmu. Matata takan ce da zarar mun fara, kajin gidanmu ma komawa bayan ɗaki suke yi. Kiɗan kansa bai wuce rabin awa, sauran lokacin duk gardama ce: wacce ta fi zurfin murya, wane katako ya fi riƙe sauti, wa aka cuta a musayar da ta wuce. In gardama ta yi zafi sai mutum ya juya baya, a kaɗa masa jita biyu, ya faɗi wacce ce wacce. Ni na sha kunya a wannan gwaji ba sau ɗaya ba. Shi kuwa ban taɓa ganin ya kuskure ba, kuma bai taɓa bari mun manta da hakan ba.

Jita goma sha ɗaya ta bi ta hannunsa. Ya saya a shagon tsofaffin kaya, ya yi musaya da direbobi da ɗalibai, ya ba da biyu ya karɓi ɗaya. Kuma shi ya kafa mana doka, tun ranar da Kafinta ya dawo bayan kwana biyu yana roƙon a warware wata musaya. "Abin da ya fita ya fita," in ji shi. "Jita ba ta komawa hannun wanda ya rabu da ita. In ba haka ba wasan yara muke yi." Shekara goma sha biyar babu wanda ya taka wannan doka.

Yanzu likitoci sun sallamo shi gida, sun ce a kula da shi, kuma duk mun san abin da suke nufi. 'Yarsa ta baro gidan mijinta ta dawo jinya. Ita ce ta biyo ni har bakin ƙofa a ranar, tana goge hannu da gefen mayafinta.

"Baba Malam, kullum da safe sai ya sa na miƙo masa ita. Ya gwada, ya kasa, ya yini bai yi magana ba. Ko abinci ba ya karɓa."

"Me yake cewa?"

"Jiya ya ce da Mai Mura ce, da ta ji tausayin hannunsa. Amma ya ce kada in kuskura in gaya muku."

Maganar ta same ni inda ba na so. Mai Mura ita ce jitarsa ta farko, 'yar araha, mai fenti ruwan ƙasa da ya koɗe. Tsirkiyoyinta a kwance suke dab da wuya, ko taɓawa ka yi sai ta amsa, amma saboda wannan kusancin kowane sauti yakan fito da wani ɗan zizara, kamar mai magana ta hanci. Ni na sa mata sunan. Ni na yi ta yi masa tsiya cewa babban mutum kamarsa bai kamata a gan shi da ita ba, har ya gaji ya ba ni ita ya karɓi tawa. Abin da ban taɓa faɗa masa ba shi ne laushin nata nake so, don yatsuna ragwaye ne. Da na gaji da ita na tura wa Kafinta.

Ban shiga gida ba, na wuce shagonsa. Na same shi yana goge ƙafar tebur, fensir a bayan kunne.

"Mai Mura nake so," na ce.

"Doka fa?"

"Mai dokar ne a kwance. Ba zai roƙa ba, ka san halinsa. Gara ya tafi bai kaɗa ba da ya buɗe baki."

Kafinta ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shiga ciki, ya fito da ita a naɗe cikin tsohon zanen gado. Yana warwarewa yana murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

"Ai ba mai mura ba ce yanzu. Na warkar da ita. Ji nan."

Ya kaɗa, sauti ya fito tas, babu zizara ko kaɗan. Ya nuna mini ɗan siririn ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kansa a jikin jitar. Ya ce tsohon ya cinye ne, shi ya sa ya jefar da shi, ya samo ƙashin saniya ya sassaƙa sabo mai tsayi. Kwana uku ya yi a kansa. Na yaba masa, har da tafa masa. Muka zauna mu biyu da furfurarmu muka saka mata sababbin tsirkiyoyi, muka goge ta da mai har ta ɗauki ido, muna ta cewa mutumin zai sha mamaki.

Ranar Asabar da yamma muka shiga. Yana kwance ya fuskanci bango, ƙashin kafaɗarsa ya fito ta cikin riga. Fanka na juyawa a hankali, labule a ɗage rabi. Kafinta ya yi mini ido, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kaɗa sau ɗaya.

"To, gwani, tunda ka riga ka juya baya, wace ce wannan?"

Ya daɗe bai motsa ba. Har na ɗauka barci yake yi.

"Sake."

Kafinta ya sake.

"Jikin nata ne," in ji shi a hankali. "Muryar ba tata ba ce. Wa ya taɓa ta?"

'Yarsa ta taimaka muka tayar da shi zaune, muka tokare bayansa da filo biyu. Da aka ɗora masa ita a cinya sai ya shafa gefenta inda fentin ya koɗe, daidai inda hannunsa ya saba kwanciya. Bai ce komai a kan doka ba. Ya jera yatsunsa, ya danna, ya kaɗa.

Sautin kwalin nan ne ya sake fitowa.

Ya karkata jitar ya leƙa ta gefe, ya ga ratar da ke tsakanin tsirkiya da wuya. Sai a lokacin ni ma na gani. Sabon ƙashin da ya kori murar shi ya ɗaga tsirkiyoyin sama, ya tafi da laushin da muka zo kawo masa. Mun kwana muna goge ta, babu wanda ya danna ta da hannun mara lafiya a ransa.

"Kun kyauta," in ji shi, ya tura ta gefe. "Ta yi kyau sosai. Ku mayar da ita."

Ya zame ya koma ya fuskanci bango. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ko ranar da na kasa lissafi a gaban sufeton makarantu. Da bai ga jitar ba, da yana da abin da zai ce ita ce za ta yi. Mu muka zo muka ƙwace masa wannan ma.

Kafinta ya ɗauke ta ya fita baranda. Na bi shi ina tsammanin tafiya zai yi. Sai na ga ya zauna a ƙasa, ya sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zare ƙashin, ya laluba aljihunsa ya fito da guntun samfefa da yake goge katako da shi. Ya shimfiɗa shi a kan siminti.

"In ka rage fa ba ya komawa," na ce masa.

"Ni na sassaƙa shi, ba sai ka gaya mini ba."

Ya fara goga ƙashin, gaba da baya, farin gari yana taruwa a gefen samfefar. Ya mayar, ya ɗaure tsirkiyoyi, ya miƙo mini.

"Danna da ɗan ƙaramin yatsanka kawai. Kada ka sa ƙarfi. Ka ɗauka kwana uku ba ka ci abinci ba."

Na danna, ta ƙi. Ya sake kwancewa. Sau uku muna haka, gumi na ɗiga daga hancinsa. A na ukun da na kaɗa, sai muka ji murya daga cikin ɗaki, siririya amma da isarta ta da.

"Saura kaɗan. Ta gefen manyan tsirkiyoyi."

Kafinta ya ɗago ya kalle ni. "Ka ji mutumin nan? Yana kwance ma sai ya koya mini aikina."

"Ina jinka," in ji muryar. "Goga."

A karo na huɗu na ɗora yatsa kawai, na kaɗa, sai ga zizarar nan ta fito ta hanci, mummuna kamar yadda na san ta. 'Yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu ta fashe da dariya, dariyar farko da na ji a gidan cikin wata guda.

"Baba, ta kamu!"

"Ku kawo ta kafin wannan ya sake warkar da ita."

Muka sake tayar da shi. Ya jera yatsu uku, ya danna, ya kaɗa, ta amsa. Ya matsa zuwa na biyu a hankali kamar mai taka tsani, ta amsa. Ya kaɗa ɗan kiɗan nan da muke buɗe zama da shi kowace Asabar. Ba zan yi ƙarya ba, bai yi daɗi ba. Yana tsayawa a tsakiya ya huta, yana tsallake wurare. Amma da hannunsa ya kai shi har ƙarshe, kuma ni na juya ina duba kwalaben magani kamar akwai abin da nake nema a cikinsu.

Da ya gama ya rungume ta a ƙirji yana mayar da numfashi.

"Aro ne fa," na yi sauri na ce, don in rufa masa asiri. "Doka tana nan. Aro muka kawo maka."

"Ni ba na kaɗa jitar aro." Ya nuna baƙar da haɓarsa. "Kafinta, ɗauki waccan. Musaya ce."

"Haba, wannan ai ta fi Mai Mura sau goma."

"To an cuce ni. Sai ku samu abin faɗa ran Asabar."

"Dokar fa?" in ji Kafinta.

"Ni na kafa ta. Ɗauki ka tafi kafin in dawo hayyacina."

Ranar Lahadi da safe ina shayar da shukokina a gindin katanga na ji zizarar ta tsallako. Minti biyu, ta tsaya. Litinin ma haka, har matata ta leƙo ta ce ashe abokin naka ya samu sauƙi. 'Yarsa ta ce mini ya karɓi shayi rabin kofi, ya kuma yi mata faɗa a kan ta jingina jitar kusa da taga inda rana ke bugu.

Talata na fito da butar ban ruwa na tsaya a wurin. Na ji an kaɗa sau ɗaya, an kaɗa na biyu. Na jira na uku. Ruwa ya cika tukunyar shukar ya fara zuba a kan takalmina, ina nan tsaye. Can na ji muryar 'yarsa ta katanga, ba da ƙarfi ba.

"Baba Malam. Ku zo."

Na same shi a jingine da filo, kansa ya karkata gefe, jitar a kan cinyarsa. Na rufe masa ido, na yi masa addu'a, na ce Allah ya jiƙansa. Ita ta ɗauke jitar ta rasa inda za ta ajiye, ta tsaya riƙe da ita a tsakiyar ɗaki. Na kama hannunsa na hagu zan miƙar masa a gefensa, da sauran ɗumi. A kan yatsunsa uku akwai siraran layuka inda tsirkiya ta kwanta, ba su riga sun baje ba.